MIYAR SARKIN FAWA

Shafi na 23

Jama'a, na ga saƙonninku tun jiya. Wasu sun riga sun yanke wa Hauwa'u hukunci, wasu kuma na cewa in tausaya mata. Ni ba alƙaliya ba ce, labari nake ba ku. Waɗanda suka shigo yau, ga inda muke: Tungar Ɗantani, kan hanyar Wurno zuwa Rabah, zamanin Turawa. Sarkin Fawa Maccido ya fara ramewa. Matarsa Hauwa'u ce kaɗai ke dafa masa abinci. Ƙanensa Lauwali kuma ya aika Goronyo an kirawo yayarsu Habi.

*

Habi ba ta karɓi ruwan da aka kawo mata ba.

Ta dubi ƙwaryar, ta dubi hannun da ke riƙe da ita, ta kau da kai.

"Aje nan. Ban jin ƙishirwa."

Hauwa'u ta ajiye ƙwaryar a gefen tabarma. Mace ta taso daga Goronyo a kan jaki cikin wannan rana, ta ce ba ta jin ƙishirwa. Ta gane. Tun tana amarya take gidan nan, ga shi har ta aurar da 'ya, yayar mijinta ba ta taɓa ƙin ruwanta ba sai yau.

"Yaya, an zo lahiya? Ya mutanen Goronyo?"

"Lahiya lau suke. Ina Maccido?"

"Ya tahi hwadama duba albasa. Yanzu shina tahe."

"Da ƙahwa?"

"Awo."

"Dokinshi hwa?"

"Shina ɗaure bayan gida."

Habi ta gyaɗa kai a hankali, kamar wadda aka tabbatar wa abin da ta riga ta ji.

"Doki shina ɗaure, Sarki shina taka ƙasa kamar ɗan ƙwadago. Wa ya kawo wagga shawara?"

Hauwa'u ta dubi ƙasa. Ita ta kawo. Tun damina take lallaɓa shi, yau ta ce masu ban ruwa suna ha'intarsa, gobe ta ce doki na tattake kunyoyi, har tafiyar ta zame masa jiki. Amma ba ta ga ta inda za ta fara bayani ba.

Sallamarsa ce ta cece ta.

Maccido ya shigo yana share gumi da bakin rawani. Mutum ne da a bara sai ya karkata kafin ya shige ƙofar zaure, in ya zauna kuma sai an kama hannunsa ya tashi. Yau rigar ta yi masa yawa a kafaɗa.

Habi ta miƙe tsaye. Ba ta amsa gaisuwarsa ba, sai da ta zagaya shi da ido.

"Maccido, kai na?"

"Ni na, Yaya. Sannu da hanya."

"Ina sauran jikinka?"

Ya yi dariya, amma dariyar ba ta yi nisa ba. Ya zauna a bakin tabarma. Da kansa ya zauna, ba nishi. Hauwa'u ta lura da haka. Habi kuwa wuyansa take kallo.

Bai gama cire takalmi ba Lauwali ya shigo da faifai a hannu, an rufe shi da ganye. Ƙamshin balangu ya riga shi isowa. Da ya buɗe, kitse ne ke ƙyalli a saman, an barbaɗe shi da gishiri da yaji, ga ɓargo a gefe.

"Yaya Habi, barka da sauka. Sarki, ga naka. Tozon sa na, ni da kaina nag gasa."

Kullum sai ya kawo. Da can sai ranar kasuwa yake kawowa. Tun bayan ƙaramar salla ya mai da shi kullum, wani lokaci har sau biyu, kuma ba ya tashi sai ya ga an cinye. Hauwa'u ta sha kai faifan maƙwabta in ta samu Maccido ba ya nan. Yau ba dama.

"A kawo abincin gida tukuna," in ji Habi. "Ina son in ga abin da ƙanena ke ci."

Hauwa'u ta shiga madafa ta fito da akushi. Tuwon gero ne da miyar sure, da wake a ciki, da busasshen kifin gulbi.

Habi ta sa yatsa a miyar ta kai baki. Ta daɗe tana juya harshe.

"Lami."

"Akwai gishiri, Yaya. Kaɗan na."

"Ina man shanu?"

"Ban sa ba."

"Ina nama?"

"Kihi na yau."

"Gidan Sarkin Hwawa." Habi ta juya ga Lauwali. "Ka ji? Gidan da ke ciyar da gari nama, maigidan shina cin kihi da ganye."

Lauwali ya sunkuyar da kai.

"Ni dai ban ce komi ba, Yaya. Abin da ido ya gani na aika miki."

Habi ta tashi ta nufi madafa ba ta nemi izinin kowa ba. Suna jin ƙarar tukwane, ana ɗaga wannan ana ajiye wancan. Maccido ya dubi matarsa.

"Hauwa'u, akwai abin da za ta gani?"

"Ba abin da zai cuce ka, Sarki."

"Ba shi nat tambaye ki ba."

Kafin ta amsa Habi ta fito da ɗan ƙaramin tulu, bakinsa ɗaure da tsumma. Ta kwance, ta zazzaga a tafin hannu. Gari ne mai duhu-duhu.

"A bayan randa nas same shi, an kihe mashi ƙwarya. Mi a wanga?"

"Gabu na, Yaya. Ganyen albasa busasshe. Da tahwarnuwa da citta da daddawa, na daka su tare."

"Mi ya sa anka ɓoye shi?"

"Don kar Sarki shi gane na rage gishiri. In na sa wanga, miya tana ɗanɗano."

"Lasa."

Hauwa'u ta matso, ta dangwala ta lasa. Ta ƙara dangwala ta lasa. Ta tsaya tana kallon yayar mijinta.

Habi ba ta ji kunya ba.

"Mai yin abu ya san makarinshi. Lasarki ba ta wanke ki ba."

"Yaya," in ji Maccido, "a bi a hankali."

"A hankali anka bi ka har ka koma haka. Ina battar tabarka?"

Hannunsa ya tafi aljihu da kansa, ya dawo ba komai. Tun yana saurayi ba a raba leɓensa da garin taba da kanwa.

"Ta ɓace."

"Sau nawa tana ɓacewa?"

Ya juya ya dubi Hauwa'u, wannan karon kallon ya daɗe.

"Ni ke ɗauke ta," in ji Hauwa'u. "Ina zubar da tabar cikin shara."

Can bayan gida dokin ya yi haniniya.

"To, ka ji da kunnenka," in ji Habi. "Ta hana ka nama, ta hana ka gishiri, ta hana ka taba, ta sauke ka daga doki. Saura mi? Lauwali, hwaɗi sauran."

"Yaya, ba sai an..."

"Hwaɗi."

Lauwali ya gyara zama. Bai dubi kowa ba.

"Mahautanmu da ke cin kasuwar Rabah sun gan ta. Ba sau guda ba. A ɗakin magani na En'e, tana magana da malamin asibitin, wanda ake ce ma Malam Mode. An ce sun daɗe."

Hauwa'u ta ga fuskar mijinta ta canja. Ba fushi ta fara gani ba. Wani abu ne kamar firgita, wanda ba ta gane dalilinsa ba.

"Kin ce gun goggonki za ki," in ji shi.

"Na je gunta. Ita ma tar raka ni ɗakin maganin. Ranar mata ta, tsakar gidan cike da masu goyo. A tambaye ta."

"Mi ya kai ki?"

"Kai."

"Ni na aike ki?"

"Ba ka aike ni ba."

Ta durƙusa. Ba don neman afuwa ba.

"Sarki, ka tuna yadda babana ya ƙare? Kai ka ɗauke shi zuwa kushewa. Ƙahwahunshi sunka kumbura har takalmi ya daina shiga. Ya daina kwanciya, sai a jingine shi da bango don in ya kwanta numhwashi ba shi hita. Munka ce iska ta, munka ce sammu na. Munka yi ta ba shi romo da man shanu da kunun kanwa wai shi yi ƙarhi. Ni ke ɗura mashi da hannuna."

Ta ɗago ta dubi mijinta.

"Bayan ƙaramar salla naf fara ganin irin haka gare ka. Ka hau ɗan tudun masallaci sai ka tsaya ka riƙe ƙirji, ka ce kana gaisawa da mutane. In na danna ƙaurinka da yatsa, ramin ba shi cikewa. Kana kwance sai ka zabura ka zauna kana haki. Ka zaci barci nake."

"Ta san ciwon tun kahin shi bayyana," in ji Habi. "Ka ji ko?"

Hauwa'u ba ta kula ta ba.

"Na gaya ma malamin abin da nag gani, ban hwaɗi ko kai wane na ba. Yac ce zuciya ta ke gajiya. Yac ce jiki ya yi mata nauyi, gishiri da kanwa suna tara ruwa a jiki, kitse da taba suna ƙara mata wahala. Wai in ana son mutum shi daɗe, a rage mashi su, a ba shi gero da wake da ganye, shi riƙa tahiya da ƙahwa da sanyin sahe gwargwadon abin da zai iya, ban da tilas. Kuma yac ce lalle a kai ka Sakkwato likita shi gan ka, wai abinci kaɗai bai isa ba."

"Mi ya hana ki hwaɗa min?"

"Na gwada. Ran da nac ce ka rage ɓargo, mi kac ce?"

Maccido ya kau da kai.

"Cewa kay yi ran da mahauta sunka ji Sarkinsu ba shi cin kitse, ran nan za su kai ƙara gun Hakimi a naɗa wani. Kac ce in na sake maganar in tahi gidanmu."

"To sai ki yi min a ɓoye."

"Awo. Na yi a ɓoye. Kuma yau daga hwadama kake, ka shigo ka zamna ba wanda ya kama hannunka. Yaushe rabon da ka zabura cikin barci?"

Yana lissafi a ransa, ana gani.

Lauwali ya turo faifan gaba kaɗan.

"Sarki, shina hucewa."

Maccido bai dubi naman ba. Matarsa yake kallo, idonsa ya ƙanƙance.

"Wane malami kinka ce?"

"Malam Mode."

"Dogo, mai tabo a goshi?"

"Shi."

"To ƙarya kike."

Bai ɗaga murya ba, shi ya sa maganar ta fi dukanta.

"Sarki..."

"Ƙarya kike, Hauwa'u, don wanga mutum ya duba ni da hannunshi."

Ta ɗago kai.

"Yaushe?"

Maccido ya yi ajiyar zuciya. Abin da ya ɓoye ne, kuma ya ga ba sauran ɓoyo.

"Bayan ƙaramar salla, ran da munka je kasuwar Gandi sayen awaki. Ina cikin ciniki sai naj ji kamar an ɗora min dutsin niƙa a ƙirji. Ban san inda nike ba. Na buɗe ido a Rabah, kan gadon ɗakin magani. Lauwali na ya kai ni. Shi kaɗai ya sani, na kuma ce kar shi gaya ma kowa."

Hauwa'u ta dafe ƙasa da hannu biyu. Ta tuna ranar. Ya dawo da yamma a kan jakin aro, ya ce dokin ya yi tuntuɓe.

"Ka hwaɗi a kasuwa, ba ka gaya min ba."

"Ke ma kin je Rabah ba ki gaya min ba. Abin da nike so ki ji shi na: malamin cewa yay yi zahin rana na da yunwa. Yac ce jinina ya yi ƙasa, in ci nama mai mai, in sha romo, in huta, in daina yawo. Mutum guda ba shi gaya min wanga, shi gaya miki wancan."

"Da bakinshi ya gaya maka?"

"An yi min allura, barci nike. Da Lauwali yay yi magana, shi ya gaya min."

Sai a lokacin Hauwa'u ta juya ta dubi ƙanen mijinta. Ta dubi faifan. Ta sake dubansa.

Lauwali ya yi murmushi.

"Mi kike kallona? Abin da anka gaya min nah hwaɗi."

"Ban ce komi ba."

"Idonki ya ce."

"Kar ki juya magana," in ji Habi. "Ke anka kama da gari bayan randa, ba shi ba. Maccido, shawarata guda ta. Ta tattara ta tahi gidansu har a ga yadda jikinka zai yi. Ni zan zamna in dahwa maka. In ka murmure, mun san inda cutar take."

Maccido ya yi shiru yana murza gemu. Hauwa'u ta san wannan shirun. Shi yake yi in mahauta biyu suka kawo masa rigima a kan saniya, kowa na rantsuwa.

"Yau kasuwarmu ke ci," in ji shi. "Da nike dawowa na ga keken malamin jingine gindin tsamiya. Lambar rigakahi sunka zo yi ma yara."

Ya ɗaga murya zuwa zaure, inda wani tsohon mahaucinsa ke zama yana wasa wuƙaƙe.

"Ɗanasabe, je gindin tsamiya, ka ce ma malamin asibiti Sarkin Hwawa na roƙon shi taka zuwa gida."

"To, Sarki."

Lauwali ya miƙe tsaye.

"Haba Sarki, maganar cikin gida a kira bare? Gobe gari duk ya ɗauka."

"Gari ya riga ya ɗauka, tunda mahautanmu sun gan ta a Rabah."

"Ma'aikacin En'e na. In ya kai ma Hakimi cewa ba ka da lahiya hwa?"

"Sai shi kai."

"Ni ma ban ga amhwanin kiran ba," in ji Habi. "Wanda ake zarginta da shi za a kira shaida? Ai bayanta zai bi."

Maccido ya dubi yayarsa, ya dubi ƙanensa.

"Ku biyu kunka tara ni. Yanzu kuma ku biyu ba ku son a ji ƙarshe?"



"Na bar rumhwa ba kowa," in ji Lauwali. "Bari in leƙa in dawo."

"Zamna."

"Nama na kan wuta, Sarki."

"Shi ƙone. Zamna."

Lauwali ya zauna.

Jiran ya yi tsawo. Tuwo ya huce a akushi. Kitsen da ke kan balangu ya fara daskarewa, ya yi fari. Hauwa'u ta ja mayafi ta rufe kanta, ta koma bakin ƙofar ɗaki. Ba ta faɗa wa malamin sunan mijinta ba. In ya ce bai tuna ta ba fa? Mata nawa yake gani a rana? In kuma da gaske ya faɗa wa Lauwali abin da Lauwali ya ce, to ita ce ta yi wata da watanni tana horar da mutum da yunwa a banza.

Habi na jan carbi da sauri. Lauwali na karce ƙasa da tsinke.

Aka yi sallama a zaure.

"Shigo, Malam," in ji Maccido. "Gidanka na."

Malam Mode ya shigo yana sunkuyawa, dogo, da farar riga ta aiki, hannunsa na warin maganin asibiti. Ya gaida Habi, ya gaida matar gida daga nesa. Da ya juyo ga maigidan sai ya tsaya.

"Ikon Allah. Ashe kai ne Sarkin Fawan garin nan. Ai na san ka."

"Ka tuna ni?"

"Wanda aka kawo min daga kasuwar Gandi a sume? Ina zan manta. Na yi ta cigiya, ba wanda ya san daga inda kuke. An kira ni wani ƙauye maciji ya sari mutum, kafin in dawo kun tafi."

Ya durƙusa ba tare da an ce masa ba, ya kama hannun Maccido ya riƙe wuyan hannun yana jin bugun jini. Ya ɗage bakin wandonsa ya danna ƙauri da babban yatsa, ya duba.

"Alhamdu lillahi. Kumburin ya sauka sosai. Ran nan ban zaci za ka kai kaka ba, gaskiya nake faɗa maka. Ashe kun riƙe abin da na ce."

"Mi kac ce, Malam?"

Malam Mode ya ɗago, ya ɗan yi mamaki.

"Abin da na faɗa wa ɗan'uwanka mana. Zuciya ce. A janye maka gishiri da kanwa, da kitse, da taba. In ka samu sauƙi ka riƙa ɗan takawa. A kuma kai ka Sakkwato. Kun je?"

Maccido ya ƙura masa ido.

"Ba ka ce zahin rana na ba?"

"Zafin rana?"

"Ba ka ce in ci nama mai mai, in sha romo ba?"

Malam Mode ya saki hannunsa. Sai yanzu idonsa ya sauka kan faifan, kan farin kitsen da gishirin da ke kansa. Ya daɗe yana kallo.

"Wa ya kawo wannan?"

Malam Mode ya juyo ga maigidan.

"Sarki, mutumin da ke da irin ciwonka, in ana ba shi wannan kullum, ba abinci ake ba shi ba. Na faɗi haka ran nan, har na maimaita, don na ga sana'arku ce. Na ce wa ɗan'uwan naka ya maimaita min da bakinsa, ya maimaita." Ya waiga, ya nuna da hannu. "Ga shi nan ai. Shi ne. Shi na ba ƙwayoyin."

"Waɗanne ƙwayoyi?"

"Farare, ƙanana, a cikin kwalba. Na ce ka riƙa sha kowace safiya kafin ku isa wurin likita."

Maccido ya juya a hankali. Duk jikinsa ya juya, ba kai kaɗai ba.

"Lauwali."

"Sarki."

"Ina kwalbata?"

Tsinken ya karye a hannun Lauwali. Gumi ya tsattsafo masa a goshi.

Hauwa'u ta ji hawaye na zubo mata, ba ta share ba. Ba daɗi take ji ba. Yaron nan a gidan nan ya girma, ita ta yi masa wankin kaya har ya yi aure.

"Uwa guda ta haihe mu," in ji Maccido. "Ni na koya maka riƙon wuƙa. Kullum kana zamne gabana kana kallo ina ci, kana cewa in ƙara. Rawanin na kake so? Da ka tambaya."

"Ba haka ba na, Sarki."

"To yaya na?"

Malam Mode ya matso. "Sarki, a hankali. Ɓacin rai ma ba ya yi maka kyau."

"Bar ni, Malam. Lauwali, ka ji magana daga bakin malami, ka taho ka juya ta, ka ɓoye magani. Kai kaɗai ka san wanga abu tun salla."

Lauwali ya ɗago kai. Idonsa ya yi ja, amma ba yayansa yake kallo ba.

"Ba ni kaɗai ba."

"Mi kac ce?"

"Ban ɓoye ba, Sarki. Washegarin ran nan na hau jaki na tahi Goronyo, na hwaɗi duk abin da malam yac ce, ban rage komi ba. Anka ce min in yi shiru, in ci gaba da kawo maka nama. Kwalbar ma ba ta hannuna. Can na baro ta."

Carbin Habi ya tsaya.

Maccido ya juya ya dubi yayarsa.

"Yaya?"

Habi ta miƙa hannu ta ɗauki ƙwaryar ruwan da ke gefen tabarma. Ba ta sha ba.

"Maccido," in ji ta, "ka sallami baƙo tukuna."